Ruwan zafi a gida: mu yi lissafi kafin mu taɓa asusu

Ɗari ya kankama. Daga Madawa har Buza da Keita, duk wadda ke tashi da asuba ta san ruwan randa ba ya taɓuwa a Disamba da Janairu. Yara za su lakwal, tsoho na son ruwan alwala, mai jego na jiran wankanta, kuma duka a kan murhu ɗaya da wuyan mace ɗaya. Shi ya sa tambaya guda ke ta dawowa a zaman ƙungiyoyinmu: wai nawa ake kashewa a kafa na'urar nan mai ɗumama ruwa, irin wadda ake gani a wasu gidajen Tawa da Yamai? Masu boko na ce mata shofo, ƴan kasuwar Najeriya su ce hita.

Mun zauna mun bi maganar daki-daki. Abin da munka gano shi ne, kuɗin tukunyar kanta rabin zance ne. Sauran rabin shi ne abin da take nema a gida kafin ta yi aiki, da abin da za ta riƙa ci kowane wata bayan an kafa ta. Mai kanti zai gaya miki na farko. Na biyun, in ba ki tambaya ba, sai takardar kuɗin wuta ta gaya miki.

Abin da muke biya yanzu

Kafin mu je kan na'ura, mu dubi murhunmu. Ruwan zafin da muke yi yau ba kyauta ba ne, ko da ba mu fidda dala ɗaya ba. A murhun duwatsu uku, in anka raba zafin icce kashi goma, kashi ɗaya ko ɗaya da rabi kaɗai ke shiga tukunya. Sauran iska ke kwashewa.

Mu ɗauki wankan jego, tunda shi ne babban mai cin icce a gidajenmu. Tukunya mai lita 40, kafin ta tafasa a irin wanga murhu, sai ta ci busasshen icce kilo 6 zuwa 8. Safe da marece har kwana arba'in, ɗori 80 ke nan. In kinka haɗa, iccen ya kai kilo 500 ko ya wuce, wato nauyin buhun siminti goma. Haihuwa ɗaya ke nan. Ko miji ya saya a amalanke, ko ɗiyanmu mata sun ɗauko a kai daga kan dutse.

Mu mutanen Adar da Majiya mun san darajar icce fiye da kowa. A 1975 anka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya, cikin gundumar Buza, don su tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. A 1984 aikin Keita ya soma da taimakon ƙasar Italiya, kuma iyayenmu mata ne sunka fi yawa wurin ɗaukar duwatsu da haƙa ramu da dasa itatuwa, har tuddan da sunka zama ƙeƙasassu sunka sake yin kore. Iccen da anka sha wuya anka dasa, bai kamata ya ƙare a gindin tukunyar wanka ba in akwai wata dubara.

Akwai kuma maganar lafiya. Tun wajen 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya sunka lura da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, sunka danganta shi da yawan kunun kanwa, da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙasa. Ba mu ce a bar wanka ba. Amma jiki ba ya bukatar tafasasshen ruwa. Mai ɗumi sosai wanda hannu ke iya jimrewa ya isa, kuma iccensa bai kai na tafasa ba. Mai jegon da ƙafafunta sunka kumbura, tana haki, ko ba ta iya kwanciya sai a jingine, a kai ta asibiti ran nan, kada a ce a ƙara mata zafin ruwa.

Ta lantarki: abubuwa huɗu da take nema

Wagga ita ce wadda aka fi gani a kanti: farar tukunya ta ƙarfe, mai lita 30 ko 50 ko 80, ana rataye ta a bango. A cikinta akwai wani ƙarfe da wuta ke gasawa, da wani ɗan abu mai katse wutar in ruwa ya kai zafin da anka sa masa.

Na farko, tana son ruwan famfo mai ƙarfi a cikin gida. Ba a cika ta da bokiti. Ruwan sanyi ne ke shiga ta ƙasa ya turo mai zafi ya fito. In famfonku sai tsakar dare yake zuwa, ko ruwanku na rijiya ne ko na ƴan garuwa, to sai an fara gina tanki a bisa, an ja tiyo. In tukunyar ta wofinta alhali wuta na kunne, ƙarfen cikinta ƙonewa yake. A ƙauyukanmu da yawa, inda famfo guda ne a tsakar gari, magana ta ƙare tun daga nan.

Na biyu, wuta. Tukunya mai lita 50 takan ja wat 1.200 zuwa 1.500. Ƙwan fitila na zamani wat 10 yake sha, ke nan ita kaɗai tana jan abin da ƙwai 150 za su ja. Siririyar wayar da anka ja don fitila da fanka ba za ta ɗauke ta ba, zafi za ta yi ta narke. Tana son wayarta daban mai kauri, wadda masu aikin wuta ke kira 2,5, daga kontar har wurinta. Tana son makatsar wuta tata, irin wadda ke faɗuwa da kanta in wuta ta ɓalle ta shiga ruwa. Tana son wayar ƙasa, wato sandar ƙarfe da ake kafawa cikin ƙasa don in wuta ta kuɓuce ta bi can, kada ta bi jikin mai wanka. Duk mai aikin da ya ce miki wayar ƙasa ba dole ba ce, ki sallame shi. Ƙaramin allon hasken rana mai batir da muke cajin waya da shi ba ya iya tada ita. Gidan da ke jan wuta daga maƙwabta ma kada ya fara. Kuma mu tuna da 2023, lokacin da anka katse wutar da ke zuwa daga Najeriya tun daga watan Agusta har watanni: duk mai irin wagga tukunya murhu ta koma.

Na uku, bango. Lita ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne. Tukunya mai lita 50 in ta cika, da nauyin ƙarfenta, ta kusa kilo 70. Bangon laka ba ya riƙe ta, ƙusoshin za su zare wata rana, ta faɗo da ruwan zafi a kan wanda ke ƙasa. Sai bangon bulo na siminti, ko a ƙera mata ƙafafu na ƙarfe. Akwai kuma wani ɗan famfo na tsaro da ake ɗaura mata a mashigar ruwa, wanda ke ɗiga in ruwa ya yi zafi ya kumbura. Ɗigar nan aikinsa ke nan. Kada wani ya toshe shi da sunan gyara, don tukunyar na iya fashewa.

Na huɗu, kuɗin wata. Ɗumama lita 50 daga sanyin safiya zuwa digiri 60 yana cin kilowat 2 da ɗan abu, cikin kamar awa biyu. Sau ɗaya a rana, a wata kilowat 70 ke nan. In an bar ta kunne dare da rana tana hucewa tana sake ɗauka, sai ya doshi 100. Ki ɗauko takardar Nigelec ki ga nawa ake yi muku kilowat ɗaya. A ce, don misali, sefa 100 ne: jika 7 zuwa 10 ke nan kowane wata, ƙari a kan abin da kuke biya. Kuma farashin hawa-hawa ne. Gidan da ke shan wuta kaɗan ana yi masa sauƙi, da ya wuce iyaka sai kuɗin kowane kilowat ya ƙaru.

Sai abu guda da ya shafi ƙasarmu. Adar ƙasar farin dutse ce, shi ya sa anka gina masana'antar siminti a Malbaza. Ki leƙa gindin butar shayinku. In kin ga farin abu ya daskare, to haka zai daskare a ƙarfen cikin tukunyar, ta riƙa shan wuta da yawa tana jinkirin zafi. Irin wanga ruwa yana sa a buɗe ta a kankare duk shekara ko shekara biyu, kuma shi ma kuɗi ne.

Kashedi a kan hitar bokiti, ƴar sandar nan mai waya da ake tsomawa cikin ruwa. Tana da arha, shi ya sa ta cika kasuwanninmu, amma ba ta da mai katse ta, ba ta da wayar ƙasa. In dole sai an yi aiki da ita, a tsoma ta kafin a kunna, a zare wuta kafin a fidda ta, kada a sa hannu a ji ɗumin ruwa tana kunne, kuma yaro kada ya kusanci wurin.

Gaz fa?

Akwai na'urar gaz mai ɗumama ruwa nan take yana wucewa. Ita ma tana son famfo mai ƙarfi, kuma tana son bututun da zai fidda hayaƙinta waje. Ba a kafa ta cikin rufaffen wurin wanka. Tana fidda wata iska marar wari marar launi, mutum ya ji kansa na juyawa, ya zauna ya huta, shi ke nan. Iskar nan ce dai ke kashe mutane in an kwana da garwashi a ɗaki an rufe ƙofa da taga saboda ɗari.

Ga mai butel ɗin gaz a gida, hanya mafi sauƙi ita ce tukunya da murfi a kan risho. Bayan matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, gwamnati ta yanke kuɗin cika butel mai kilo 6 a kan sefa 1.800, wato jika ɗaya da dala 160, ko da yake kafin ya iso ƙauye yakan ɗara haka. Butel ɗaya na iya ɗumama lita 50 kamar sau 16. A wancan farashi, kowane ɗori bai wuce dala 22 ko 23 ba. Ki gwada da kuɗin iccen da kike sa wa tukunya ɗaya a garinku, ki gani wanne ya fi.

Ta rana: dubara ce ta gida

Wasu na zaton ɗumama ruwa da rana sabon abu ne daga waje. A'a. Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ma'aikatar binciken makamashin rana ta Nijar, ONERSOL, tun daga 1969. A can anka riƙa ƙera na'urorin ɗumama ruwa da murhun rana, anka kafa su a gidaje da ma'aikatu. Ya rasu a 1991, shekarar da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara sunka fara a jihar Maraɗi. Ranar da ya dogara da ita har yau tana nan, ita ce ma tashar Malbaza mai megawat 7 ke maidawa lantarki tun 2018.

Wagga na'ura ba ta da waya, ba ta da batir. Faifai ne baƙi mai rufin gilashi da tiyo a ciki, ko kuwa jerin kwalaben gilashi dogaye, da tanki kwance a bisansu. Rana ta gasa ruwan, mai zafi ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya sauko ya ɗauki nasa zafin. Tankin na da rufi mai kauri a jikinsa, shi ke riƙe ɗumi har asuba. A irin ranarmu, faifai mai faɗin mita 2 murabba'i yana ɗumama lita 150 a yini ɗaya, ya ishi gida mai mutum biyar ko shida.

Abin da take nema: fili inda inuwar bango ko ta icce ba ta faɗawa, fuskarta na duban kudu, a ɗan kishingiɗe. Nauyinta da ruwa ya wuce kilo 200, don haka ba a aza ta a kan rufin azara da laka ko kwano. A ƙera mata gadon ƙarfe a tsakar gida, a kewaye shi saboda awaki da duwatsun yara. Akwai irin da ba ta son famfo mai ƙarfi, ana cika ta daga ƙaramin tanki a bisa, ita ce ta fi dacewa da mu. Mai kwalabe kuwa, in ta wofinta a rana, kada a zuba mata ruwan sanyi da tsakar rana, kwalaben tsagewa suke. A cika ta da asuba ko bayan magariba. Sai sharar ƙura: lokacin da muka fi son ruwan zafi shi ne lokacin hazo, don haka a goge gilashin da tsumma kowane kwana biyu. Ran da hazo ya rufe rana ƙirin, ruwan zai yi ɗumi kawai, a ƙarasa shi a murhu da ƴan ƙirare.

Saye ta ya fi na lantarki tsada. Amma daga ran da anka kafa ta, ba mai kawo miki takarda a ƙarshen wata. Shi ya sa ƙasar Tunusiya tun 2005 ta tsara yadda gidaje za su kafa ta su riƙa biya kaɗan-kaɗan tare da kuɗin wuta, kuma a ƙasar Sin ta cika rufin gidajen ƙauye.

Wadda kowa ke iyawa gobe

Ga wadda duk wannan ya yi mata nisa, kuma mu ne mafi yawa, akwai ƙaramar hanya. Bido mai lita 25 wanda anka wanke sarai, ba na fetur ko maganin ƙwari ba, a shafe shi da baƙin fenti. A cika shi da safe, a kwantar da shi a rana inda iska ba ta bugu. In an sa shi cikin akwati an rufe da gilashi ko farar leda mai kauri, ya fi ɗaukar zafi. Kafin la'asar ya yi ɗumin wankan yara da na marece. In ana son na asuba, a naɗe shi da tsohon bargo tun rana ba ta faɗi ba, a tura shi cikin kwando mai ƙaiƙayi. Ba zai kwana da zafinsa duka ba, amma ɗora ruwa mai ɗumi ya fi ɗora mai sanyi ƙarara sauƙin icce. A haɗa da murfi a kan tukunya, da murhun Mai Sauƙi na ƙarfe ko Albarka na laka, sai ki ga damin icce ya ƙara kwanaki.

Ko da wace hanya anka bi, ruwa mai digiri 60 yana ƙona fatar yaro cikin daƙiƙa kaɗan. A fara zuba na sanyi a bokiti, sannan mai zafi, a gauraya, a gwada da gwiwar hannu kafin a sa jariri.

To, da wane kuɗi?

Nan ne maganar ta zo kan tabarmarmu. Bashin asusu an yi shi ne don abin da ke juyawa: albasa, turkar rago, man gyaɗa, ƙosai. Tukunyar wanka ba ta haihuwa. A ce aikin duka ya tashi jika 200, kinka ɗauka a asusu da riba kashi 10 cikin 100 a wata, kamar yadda ƙungiyoyi da yawa ke yi. Jika 20 ke nan kowane wata, riba kaɗai, uwar kuɗi na nan. In ta lantarki ce, ki ƙara kuɗin wuta. Wace sana'a ce za ta ɗauki wanga nauyi? Shawararmu: wadda ta ga gidanta ya cika sharuɗɗa, ta jira ranar rabon asusu, ko ta shiga adashi daban saboda shi, kuma maigida ya sa hannu, tunda ruwan na kowa ne. Da haƙuri akan dafa dutse.

Wata hanya ita ce ƙungiya ta saya gaba ɗaya. Na'urar rana mai lita 150, in an sirka ruwanta da na sanyi, tana ba da bokiti 15 masu lita 20. A ce bokiti dala 10 ne: sefa 750 a rana, cikin kwana 100 na ɗari jika 75. Masu jego kuwa ba su da lokaci, rani da damina ana haihuwa. Kowace ƙungiya ta sa farashin garinta ta gani a shekara nawa kuɗin zai dawo. A kuma yanke tun farko gidan wa za a kafa ta, wa ke cika ta, wa ke goge ta, wa ke riƙe kuɗin gyara, a rubuta a littafin ƙungiya gaban kowa.

Duk wadda za ta saya, kada ta karɓi farashi da baki. Mai aiki ya rubuta a takarda: tukunya, famfon tsaro, tiyo da mahaɗansu, waya, makatsar wuta, sandar ƙasa, ƙafafun ƙarfe, tanki in ana bukata, kuɗin mota daga Ƙonni ko Maraɗi ko Tawa, da ladan aikinsa. A nemi takarda irin wannan daga mutum biyu ko uku a gwada. A tambayi garanti na wata nawa ne, a rubuce. A tambayi in ƙarfen ciki ya ƙone ko kwalba ta fashe, ina ake samun wani, kuma wa zai zo ya sa. Kada a biya ladan aiki duka sai an ga ruwan zafi ya fito, an kwana an tashi ba inda ke yoyo.

A zama mai zuwa, kowace ta zo da amsar abu uku: icce na nawa gidanta ke ƙonawa a mako don ruwan zafi kaɗai, ta wace hanya ruwa ke shigo mata gida, kuma mata nawa ne a ƙungiya ke sa ran haihuwa kafin baɗi. Da waɗannan za mu san ko tukunya za mu nema, ko gwangwanin baƙin fenti.